Ana cin zalin yaro a cikin gida a Damagaram: ga yadda za ka bi lamarin daga ƙofar gida har gaban alƙali

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya ɗaya ce take ta dawowa, wasu a rubuce wasu ta bokal. Wannan ya ce yaron maƙwabta kullum sai an dake shi har ya daina kuka, ina zan kai. Waccan ta ce ɗiyar yayarta tana hannun kishiya, ta rame ta ƙanjame, in ta yi magana a ce tana raba zumunci. Wata kuma cikin dare, muryarta na rawa, wai mijin uwar yarinya ne ya taɓa ta, me za ta fara yi. Toh yau na zauna na jera muku abin bi da bi, don wallahi a irin wannan lamari ba rashin tausayi ke kashe maganar ba, mutanenmu suna da tausayi, abin da ke kashe ta shi ne a fara da abin da ya kamata ya zo ƙarshe, a tafi sulhu kafin likita, a yi wa yarinya wanka kafin a duba ta, a sa hoto a WhatsApp kafin a je komisariya. Ku bi jerin yadda yake.

1. Ka tabbatar me kake gani

Ba kowane kukan yaro ba ne zalunci, kowa ya san wannan. Amma akwai abin da ido in ya gani ba ya buƙatar fassara. Shatar wayar caja ko dorina a baya da cinya, wata sabuwa wata ta fara baƙi, alamar ba yau aka fara ba. Ƙuna mai siffar cokali ko wuƙa a hannu ko a ƙafa. Shatar igiya a wuyan hannu. Yaron da ka miƙa hannu za ka shafa kansa sai ya kare fuska ya duƙe. Yarinyar da take tafiya da ƙyar, ko ta koma fitsarin kwance bayan ta daɗe da dainawa, ko ta ƙi yarda sam a bar ta da wani mutum ɗaya a gidan. Hana abinci ma yana ciki, da kulle yaro a ɗaki, da shafa masa barkono a ido ko a gaba, da barinsa da ciwo ba magani har ya ruɓe.

Ku sa ido sosai a kan ɗan riƙo, da agola, da maraya, da 'yar aikin da aka kawo daga ƙauye, don su ne ba su da mai tambayar ina suka kwana.

A dokar Nijar yaro shi ne wanda bai cika shekara 18 ba, kuma dokar hukunta laifuka ta ƙara nauyin hukunci in wanda aka daka ko aka hana wa abinci da kulawa bai kai 13 ba. Kasancewar mai laifin uba ne ko uwa ko mai riƙo ba ya wanke shi, a wajen fyaɗe ma ƙara masa nauyi yake. Kaciyar mata kuwa tun 2003 doka ta mai da ita laifi, ko kaka ce ta kai yarinyar.

2. Fara da ran yaron

In abin yana faruwa yanzu-yanzu, kana jin ihu ta katanga, kar ka tsaya neman shawara a gurup. Kira 17, 'yan sanda ke nan. In yaron ya suma ko yana zubar da jini kuma ba abin hawa, 18 na 'yan kwana-kwana ne, suna ɗaukar masu rauni. Kafin su iso ka nemi mutum biyu ko uku manya, mai unguwa in yana kusa, ko liman, ko wata dattijuwar da ake jin nauyinta, ku yi sallama ku shiga tare. Shigar mutane kawai tana tsayar da hannu.

HATTARA: kar ka shiga kai kaɗai, kar ka ɗaga hannu a kan mai gidan ko matarsa komai zafin da zuciyarka ta yi. Ka dake shi, gobe kai ne a komisariya da takardar likitarsa a hannunsa, maganar yaro ta bi ruwa. Haka nan kar a tara matasan unguwa a ce za a koya masa hankali.

HATTARA ta biyu, wannan mutane da yawa ba su san ta ba: in ka ɗauke yaron ka kai gidanka don ka tsare shi, ka sanar da hukuma a ranar, ba gobe ba. Yaron da ba naka ba in ka ɓoye shi kwana biyu ba wanda ya sani, iyayen na iya kai ƙararka a kan ka sace musu ɗa, kuma a takarda su ne da gaskiya. Ka je ka ce ga yaro a wajena, ga dalili, a rubuta.

3. Yadda za ka saurari yaron

A nan zan ɗan daɗe, don nan ne ake ɓata shari'a tun ba a fara ta ba.

Mutum ɗaya ya zauna da shi, wanda ya saba da shi, a wurin da ba a leƙe. Ba gwaggo da inna da kawu da maƙwabciya duk a kansa kowa na jefo tambaya ba. Ka zauna ƙasa daidai tsawonsa, ka ba shi ruwa, ka ce "faɗa mini abin da ya faru", sai ka yi shiru. In ya tsaya ka ce "sai me ya faru?" Shi ke nan tambayarka. Kar ka ce "Kawu ne ko? Ai na san shi ne." Da ka sa masa suna a baki, gobe lauyan wancan zai ce ku kuka koya masa, kuma yaro ƙarami da kansa zai rikice tsakanin abin da ya gani da abin da aka faɗa masa.

Kar ka yi salati da ƙarfi, kar ka fashe da kuka a gabansa in za ka iya daurewa, don yaro in ya ga maganarsa ta girgiza babba sai ya haɗiye sauran. Kuma don Allah, don Annabi, a daina tambayar nan ta "me ya kai ki ɗakinsa?" da "me ya sa ba ki faɗa ba tun tuni?" Abin da take buƙatar ji guda uku ne: na yarda da ke, ba laifinki ba ne, kin kyauta da kika faɗa mini.

Kar ka yi masa alkawarin ba za ka gaya wa kowa ba, tunda za ka gaya. Ka ce masa "zan faɗa wa mutanen da aikinsu ke nan su kare ka, ba zan faɗa wa 'yan unguwa ba."

Da kun rabu, ɗauki kaye da bik ka rubuta abin da ya ce da kalmominsa, yadda ya faɗa, ko da kalmar yara ce ya kira wurin da ita kar ka gyara. Sa rana da lokaci. In boko bai samu ba rubuta da ajami, ko ka yi wa kanka bokal ka ajiye, kar ka tura wa kowa. Sau ɗaya ya isa, kar a yi ta sa shi maimaitawa ga duk wanda ya shigo, gaba akwai likita da ɗan sanda da alƙali da za su tambaye shi.

4. Likita, kuma da agogo a hannu

In duka ne ko ƙuna ko karaya, CSI (ƙaramin asibitin gwamnati na unguwa ko ƙauye) mafi kusa ko babban asibitin ƙasa na Zinder, a ranar. In fyaɗe ne ko ana zargin an taɓa yaro ta gaba ko ta baya, mace ko namiji, to awa ake ƙirgawa ba kwana ba. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da sida sai an fara shi cikin awa 72, wato kwana uku, kuma gara awa ta farko da ta ƙarshe, ana shansa kwana 28 ba tsallake. Maganin hana ɗaukar ciki ga yarinyar da ta fara al'ada yana aiki har kwana biyar, amma ƙarfinsa raguwa yake kullum. Akwai kuma na sauran cututtukan sanyi da allurar tetanus. Cibiyar kula da lafiyar uwa da yaro ta Zinder da babban asibiti sun san wannan aikin, a ƙauye kuwa manjo, wato shugaban CSI, ko sajifam, wato ungozomar asibiti, za su fara abin da za su iya su tura ku gaba.

Ko kwana ukun sun wuce, ko wata guda ne, ku je. Akwai abin da za a duba, akwai abin da za a rubuta.

HATTARA: kar a yi mata wanka, kar a gasa ta da ruwan zafi, kar a sa bagaruwa ko wani haɗi, kafin likita ya gani. Na san abu na farko da hannun uwa ke so ke nan, ta wanke ɗiyarta, amma shaidar ce ake wankewa. Kayan da ke jikinta, har ɗan kamfai da zanen gado ko tabarmar in da hali, kar a wanke. A naɗe su a takarda mai tsabta ko ambulan babba, ba a leda ba, leda tana sa su gumi su lalace. Ku tafi da wasu kayan da za ta canza.

Abin da za ka fito da shi daga wajen likita shi ne sartifika, takardar da ta bayyana raunin da aka gani, da girmansa, da kwanakin da likita ya ƙiyasta yaron zai yi yana jinya. Wannan adadin kwanakin yana da nauyi a kotu, da shi ake auna girman laifin duka. Duba da kyau kafin ka bar wurin: sunan yaron daidai, ranar daidai, sa hannun likita da kashe, wato hatimi. 'Yan sanda ko jandarma suna ba da wata takarda da ake ce wa rekizisiyo, wadda take umartar likita ya duba yaron don shari'a. In ku biyu ne, ɗaya ya wuce asibiti da yaron ɗaya ya je ya karɓo ta. In kai kaɗai ne, asibiti tukuna, magani ba ya jiran takarda.

Maganar kuɗi: yaron da bai kai shekara 5 ba dubiyarsa kyauta ce a asibitocin gwamnati tun 2006, sai dai wani lokaci magani ya yanke a rubuta maka ardonas ka saya a waje. Sartifika ana iya neman kuɗinta, ka tambaya a wurin biya, ka biya a wurin biya, ka karɓi rasit. Duk rasit da ardonas ka adana, da su za ka nemi diyya daga baya.

5. Haɗa 'yar jakar takardu

Ba abu mai yawa ba ne. Kaye ɗinka na rubutu. Sartifika. Rasit. Katinka na ɗan ƙasa. Takardar haihuwar yaron. Sunayen waɗanda suka gani ko suka ji da lambobinsu, maƙwabta, mushen lakwal ɗinsu, malamin allo, mai shagon bakin layi. Hotunan raunin, ka ɗauka da hasken rana, ɗaya daga nesa yadda za a gane wane sashen jiki ne, ɗaya kusa ka ajiye ƙarfen dala ashirin a gefen ciwon don a ga girmansa. Al'aurar yaro kuwa ba a ɗaukarta hoto ko da wane dalili, wannan aikin likita ne.

Takardar haihuwa ita ce ke tsayar da mutane da yawa, gashi shekarun yaro su ne ke canza nauyin hukunci. In babu, kar ka fasa kai ƙara saboda ita, ka kai, sannan a bi hanyar jujuma a kotu, wato takardar alƙali mai maye gurbin takardar haihuwa. Littafin awo na asibiti ko takardar lakwal suna taimakawa kafin nan.

Yi fotokopi biyu-biyu na komai, asalin ya zauna a hannunka sai in alƙali ne ya nema. Ka riƙe kamar jika biyu zuwa uku a aljihu don kabu-kabu da fotokopi da ɗan abin da yaron zai ci, don zama ake yi.

HATTARA: Facebook da WhatsApp. Kar ka sa fuskar yaron, kar ka sa sunansa, kar ka sa sunan wanda ake zargi kana cewa a yi ta turawa har ta kai ga hukuma. Hukuma tana da ƙofa, ka bi ta ƙofar. Yarinyar nan za ta girma a garin nan, za a nemi aurenta a garin nan, hoton kuwa ba ya gogewa. Sannan dokar laifukan intanet ta 2019 tana hukunta ɓata suna ta waya, kuma tun 2024 an maido da ɗauri a kai.

6. Ina za a kai maganar

Ƙofa huɗu ce, kowacce ka shiga tana kaiwa ga sauran.

Ta farko komisariya, ka ce kana neman masu kula da lamarin yara da mata, akwai jami'an da wannan ne aikinsu. In a wajen birni ne, Mirya, Magarya, Matamai, Gure, Tanut, Dungas, Takeita da sauransu, jandarmori ko komisariyar wurin.

Ta biyu ma'aikatan jin daɗin jama'a na ofishin jiha mai kula da kare yara, da cibiyoyinsu da ake kira CEPPP, tsofaffi sun fi saninsu da SEJUP. Ni a ganina in lamarin ba na gaggawa ba ne, irin yaron da ake ta hora da yunwa da aiki, ko kana tsoron fitowa fili saboda gidan surukanka ne, fara da su. Suna zuwa gida su gani da idonsu, su rubuta rahoto ga alƙali, su raka yaro asibiti da kotu, kuma ba a biyansu.

Ta uku purokira, mai shigar da ƙara na gwamnati a babbar kotun Zinder. Ana rubuta masa wasiƙa da faransanci a kai ofishinsa, a buga maka kashe a kopinka da ranar da aka karɓa. In ka je wani wuri aka yi ta juya ka, wannan ce ƙofarka.

Ta huɗu alƙalin yara kansa. Dokar 2014-72 ta 20 ga Nuwamba 2014 ta ba shi ikon shiga lamarin duk yaron da lafiyarsa ko tsaronsa ko tarbiyyarsa ke cikin haɗari, ba sai yaron da ya yi laifi kaɗai ba kamar yadda mutane ke zato. Uwa ita kaɗai tana iya kai masa, uba shi kaɗai, mai riƙo, purokira, har yaron da kansa, kuma alƙalin in labari ya iso masa yana iya buɗe lamarin da kansa.

A ƙauyuka da wasu unguwanni akwai kwamitin kare yara, wanda dokar gwamnati ta 2019 ta tsara tun daga matakin ƙasa har gari. Suna da amfani wajen nuna hanya da rakiya, amma ba su ne kotu ba.

Ba sai kai dangin yaron ne ba kafin ka kai rahoto. Maƙwabci, malami, mai awo a asibiti, kowa na iya.

7. A gaban ɗan sanda

Kai ƙara kyauta ne. Ba kuɗin takarda, ba kuɗin bik.

Faɗi abin da ka gani da idonka daban, abin da yaron ya gaya maka daban, abin da ka ji a bakin mutane daban. Kar ka ƙara gishiri don abin ya yi nauyi, ƙarin gishiri ɗaya in aka kama shi sai a yi shakkar duk sauran, kuma ƙazafi da gangan shi ma laifi ne. Masu rikicin saki su ji wannan da kyau, kar a ɗauki yaro a mai da shi sandar dukan tsohon miji ko tsohuwar mata.

Za a rubuta bayaninka da faransanci. Kafin ka sa hannu ko ka dangwala, ka ce a karanta maka a fassara maka da Hausa, layi-layi, haƙƙinka ne, ba rashin kunya ba ne. In an rubuta "ya ɗan buge shi" alhali ka ce ya ƙona shi da cokali, ka ce a gyara. Ka nemi lambar da aka yi wa ƙarar rajista da sunan jami'in da ke riƙe da ita, ka rubuta a kaye. Ka roƙa a saurari yaron a keɓe, ba a gaban wanda ake zargi ba, ba a tsakar ofis mutane na shiga da fita ba, yarinya kuma in akwai jami'a mace ita ta fi.

Ana iya tsare wanda ake zargi awa 48, ana iya sabuntawa, daga nan sai a gabatar da shi ga purokira. In ka gan shi a gari bayan kwana biyu ba lallai an kashe maganar ba ne, wani ana sakinsa shari'a na tafiya. Je ka tambaya da lambarka.

8. Ranar da dangi za su zo

Za su zo. Yawanci bayan isha'i, dattijai biyu ko uku, wani da carbi a hannu, a zauna a zaure a fara da "Malam, abin da ya faru ya riga ya faru", a ce a rufa asiri, a ce ɗan uwanku ne fa, in aka ɗaure shi wa zai ci da iyalinsa, a ce yarinyar ce za ta rasa miji. Uwar yaron kuma a tsorata ta da saki. Wani lokaci a ajiye ambulan a gefen tabarma wai kuɗin magani.

Ka karɓe su da mutunci, ka ba su ruwa, ka ce "Baba, na ji, Allah ya saka da alheri, amma magana ta fita hannuna, tana hannun hukuma." Kuma gaskiya ka faɗa. Laifi irin wannan purokira ne ke bin sa da sunan al'umma, ko ka je ka ce ka janye yana da ikon ya ci gaba. Mai unguwa da hakimi har fadar Sultan suna da ikon sasanta rikicin aure da gado da gona, kuma suna ƙoƙari a nan, amma fyaɗe da raunata yaro ba sa cikin abin da ake sasantawa. Zumunci ina girmama shi, sai dai yaron nan shi ma ɗan dangi ne, kuma shi ne ƙarami a cikinsu. Abin da nake gani kullum shi ne in aka rufe, mutumin yana nan cikin gidan, ƙannen yarinyar suna nan, kuma yanzu ya san ba abin da za a yi masa.

HATTARA: kar ka karɓi kuɗin, kar ka sa hannu a wata takardar yafiya, kar a yarda da maganar a aura masa ita don a rufe. In an yi maka barazana, rubuta rana da abin da aka ce da waɗanda ke wurin, ka kai wa jami'in da ke riƙe da ƙarar. Kuma a lura da yaron a kwanakin nan, don shi ake bi ta bayan fage a ce ya canza magana.

Ba ina cewa kowane lamari sai an kai kaso ba. Uwar da talauci da gajiya suka sa hannunta ya yi nauyi, wani lokaci jan kunne daga ma'aikatan jin daɗin jama'a da bibiya sun fi mata ɗauri amfani, ita da ɗan. Amma wannan alƙali ne zai auna, ba taron zaure ba.

9. Ina yaron zai kwana

Alƙalin yara ne ke yanke wannan, kuma yana iya ba da umarnin wucin gadi da sauri kafin a gama bincike. Yana iya barin yaron a gida a sa ma'aikaci ya riƙa zuwa dubawa, yana iya miƙa shi ga ɗayan iyayen, ko kaka, ko gwaggo, ko wani amintacce, ko gidan riƙo da hukuma ta sani, ko cibiya. Alƙalai sun fi son dangi in akwai na kirki, saboda haka kar ka je hannu rabbana, ka tafi da sunan mutum ɗaya ko biyu da suka yarda za su riƙe shi, waɗanda ba sa ƙarƙashin mai laifin a ci da sha, kuma a zo da su alƙali ya gan su. Ka karɓi kopin umarnin ka ajiye, ranar da wani ya zo da hayaniya wai a ba shi ɗansa, takardar ce za ta yi magana.

Maganar "ɗa na uba ne" da ake yi in an rabu, ko cewa in ya kai shekara bakwai dole a mai da shi, al'ada ce kuma kotu tana sauraron al'ada a lamarin iyali, amma ba za ta miƙa yaro inda aka tabbatar ana cutar da shi ba don al'ada ta ce.

10. Lauya, da zaman kotu

A babbar kotu akwai ofishin ANAJJ, hukumar da dokar 2011 ta kafa don taimakon marasa hali a shari'a. Bayani kyauta suke yi, kuma yaron da aka cuta yana cikin waɗanda doka ta ce a ba su lauya ba tare da sun biya ba. Ka je da wuri, tun takardu na wajen purokira, kar ka bari sai ana gobe zama. Ka gaya musu kuna so ku shiga shari'ar a matsayin masu neman diyya a madadin yaron, nan ne rasit ɗin nan za su yi aiki.

Duka da rauni yakan yi sauri. Fyaɗe babban laifi ne, sai ya bi ta hannun alƙali mai bincike, yana ɗaukar watanni, wani har ya haura shekara, kuma a nan ne mutane ke gajiya su daina zuwa. Duk sammacin da aka aiko ka amsa, in ka canza lamba ko gida ka sanar, duk bayan sati biyu ko uku ka leƙa wajen magatakardan kotu da lambar takardunku ka tambaya ina aka kwana. Lauya yana iya roƙon a yi zaman ba 'yan kallo saboda yaron. In purokira ya ajiye ƙarar bai bi ba, akwai hanyar kai ta kai tsaye ga alƙali mai bincike, sai dai ana iya neman ka ajiye wani kuɗi, ANAJJ za su yi maka bayani. In hukunci ya fito bai gamsar ba, kotun ɗaukaka ƙara tana nan cikin Zinder, amma kwanakin da aka ba da kaɗan ne, ka tambayi lauya a ranar da aka yanke, kar ka ce sai ka huta.

11. Bayan an dawo gida

Maganin kwana 28 a tabbatar ya ƙare, a koma awon da likita ya sa rana, har na bayan wata uku. Yaron ya koma lakwal ko makarantar allo da wuri, a gaya wa malami ɗaya kawai wanda zai sa ido, ba duk ma'aikata ba. Yarinyar da ta yi ciki ba a korarta daga karatu saboda shi, dokar Disamba 2017 mai kare karatun 'ya mace tana bayanta, in an hana ta komawa ku kai wa sufetan makarantu. In yana firgita cikin barci, ko ya daina magana, ko ya koma faɗa da kowa, ba iskoki ba ne kuma ba taurin kai ba ne, ku gaya wa ma'aikacin CEPPP ya haɗa ku da mai duba lafiyar ƙwaƙwalwa, kar a ƙara masa da wani dukan. Sauran yaran gidan su ma a duba su, ko ba su ce komai ba. In kuma mutumin ya fito ya dawo unguwa yana zagayen inda yaron yake, ka ɗauki kopin umarnin alƙali da lambar ƙarar ka koma wajen alƙalin yara a ranar.